Daga tsayawar fitsari zuwa farfaɗowar ƙoda: yadda jinyar ke tafiya a ɗakinmu

Abin da muke fara tambaya idan aka shigo mana da marar lafiya shi ne: yaushe rabonsa da fitsari, kuma yaya yawansa? Galibi sai 'yan uwa su kalli juna. Sun san ranar da ya fara amai, sun san allura nawa aka yi masa a kemis, sun san lokacin da ƙafafunsa suka kumbura, amma fitsari ba wanda ya bi ta kansa, ko kuma kunya ta hana a tambaya, balle in uwa ce ko suruki. Alhali jinyar ciwon ƙoda na farat ɗaya gaba ɗayanta a kan wannan lissafin take tafiya, tun daga ranar da aka ba da gado har ranar sallama. Aikin jinya nake yi a sashen ƙoda a nan cikin birnin Kano, kuma zan bi matakan ne yadda muke bin su a bakin gado.

Ƙodar mai lafiya tana tace ruwan jini kusan lita 180 a kwana ɗaya, ta mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Don wannan aiki, wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa ta cikinta yake bi, shi ya sa da zarar jini ko ruwan jiki ya yi ƙasa ita ke fara ji a jikinta. Ma'aunin da masana ƙoda suka daidaita a kansa a 2012 shi muke aiki da shi. Akwai wani datti a jini da ake kira kiriyatinin, wanda a takardar gwajinmu ta babba mai lafiya yakan tsaya tsakanin 60 da 110. In ya ƙaru da 26 ko fiye cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a da cikin kwana 7, ko kuma fitsari ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa har tsawon awa 6, to ƙoda ta taɓu. Ga mai kilo 60, mililita 180 ke nan a awa shida, bai kai rabin ledar fiya wata ba.

Masu zuwa mana da yanayi suke tafiya. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, leburori ne da 'yan ga-ruwa da masu A Daidaita Sahu: an yi gumi wuni guda, ruwan da aka sha bai taka kara ya karya ba, da yamma jiki na ciwo sai a biya kemis a haɗo diklofenak da ibuprofen da Feldene a leda ɗaya. Waɗannan ƙwayoyi suna hana jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda ta buɗe, a daidai lokacin da ta fi buƙatar buɗewa. Da damina kuwa amai da gudawa ne da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda wani lokaci har fitsari ya koma baƙi-baƙi saboda fashewar ƙwayoyin jini. Sauran ba ruwansu da lokaci: mace ta zubar da jini bayan haihuwa ko ɓari, mai ciki ta yi jijjiga, ƙwayoyin cuta sun shiga jini, an yi ta tsira wa mutum allurar jentamaisin, mai kashe ƙwayoyin cuta, kwanaki ba tare da gwaji ba, saran kububuwa daga ƙauye, da tsofaffin da furostet, wani nama da ke ƙasan mafitsarar maza, ya kumbura ya toshe wa hanyar fitsari. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma suna cikin lissafi. Ba na cewa kowane jiƙo guba ne, amma ba mai iya faɗa maka ƙarfin abin da ke cikin jarka, kuma galibi a kan jikin da ruwa ya riga ya ƙare wa ake ɗura shi.

Tambaya uku likita ke son amsawa a awannin farko: jini ne bai isa ƙoda ba, ko naman ƙodar ne ya lalace, ko hanyar fita ce ta toshe? Da ta ƙarshen muke farawa don ita ta fi sauƙi. A danna ƙasan cibiya, in mafitsara ta taso ta yi tauri a sa robar fitsari. A wurin dattijo mai furostet sai ka ga lita ɗaya ko fiye ta zubo nan take, kuma wani lokaci wannan robar ita ce rabin maganin. A lokaci guda ana ɗibar jini don gwajin yuriya, wadda ita ma datti ce a jini, da kiriyatinin da fotashiyam da sauran gishirin jini, a auna yawan jini da suga, a duba zazzaɓin cizon sauro, a tsoma tsinken gwaji a fitsari don ganin ko akwai jini ko furotin.

Sai hoton ciki, wanda a ganina shi ne gwajin da ya fi kowanne nauyi a wurin iyali, ko da yake ba su cika sanin haka ba. Ƙodar babba tsawonta santimita 10 zuwa 12 ne. In aka gan su da girmansu, akwai kyakkyawan zato. In sun ƙanƙance ƙasa da 9, sun yi fari a hoto, ga ƙarancin jini, ga hawan jini na shekaru, ga labarin yawan tashi fitsari da dare tun watanni, to ciwon ya daɗe yana ci a ɓoye, yanzu ne kawai ya bayyana. Da yawa daga masu cewa "lafiyarsa ƙalau makon jiya" irin wannan ne. Ba kullum hoto ke raba gardama ba, domin ƙodar mai ciwon suga takan riƙe girmanta ko da ta daɗe da lalacewa. Shi ya sa tsohuwar takardar gwaji, ko ta shekara biyu ce, take da daraja. A binciko ta a ƙasan akwati a kawo.

Maganar ruwa kuwa ita ce wurin da aka fi yin kuskure, ta kowane ɓangare. Wanda ya bushe, harshensa ya ƙafe, idanu sun faɗa, awon jininsa ya sauka, ƙarin ruwa yake buƙata da gaggawa. Ana sa mililita 500 ta jijiya cikin minti 15 zuwa 30, ko 250 ga tsoho da mai ciwon zuciya, a sake aunawa, a ƙara in da buƙata. Mai amai da gudawa da ya galabaita ya fi haka nesa ba kusa ba: mililita 100 a kowane kilo cikin awa uku, lita shida ke nan ga mai kilo 60. Idan aka kama abin da wuri, fitsari kan dawo cikin kwana ɗaya zuwa uku, kiriyatinin ya sauka, a sallami mutum ba tare da ya ga injin wankin ƙoda ba.

Amma in jiki ya ƙoshi da ruwa, awon jini ya daidaita, fitsari kuma shiru, to ƙananan bututun da ke cikin ƙodar sun riga sun ji rauni, kuma daga nan duk ledar ruwan da aka ƙara ba inda za ta sai huhu. Sau da yawa ana kawo mana mutum daga ƙaramin asibiti an ɗura masa leda bayan leda wai don a tura fitsari. Yana zaune ya dafa gwiwa, ba ya iya kwanciya, jijiyoyin wuya sun tashi, yana tari da kumfa. Allurar Lasix, mai sa fitsari, tana iya rage ruwan in ƙodar na da sauran amsawa, amma ba ta warkar da ita, kuma yi wa wanda ya bushe ita ƙara masa ciwo ne.

Daga wannan mataki ruwa da awo ake sha. Ƙa'idar ita ce: abin da ya fita jiya, fitsari da amai da gudawa, a ƙara masa mililita 500 na gumi da numfashi. In ana tsananin zafi ko akwai zazzaɓi likita zai ɗan ƙara. Wanda ya yi fitsari 200 jiya, 700 ne rabonsa yau, wato fiya wata ɗaya da ɗan ƙari, kuma a cikin wannan ne koko da kunu da shayi da miya da kankana da ruwan shan magani da ruwan allurar jijiya duk suke. Rubutu da ruwan tofi da zamzam ba ma hanawa, sai dai mu ce a auna a kofi a sa a lissafi.

Kowace safiya ƙarfe shida ake rufe lissafin kwana. Za a sa safar hannu, a buɗe ɗan famfon da ke ƙasan jakar fitsari ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba, a juye a jug mai layin awo, a ajiye shi a ƙasa inda ba karkata, a durƙusa har ido ya yi daidai da layin, sannan a karanta. Lambobin da ke jikin jakar ba abin dogaro ba ne in fitsarin kaɗan ne. A rubuta yawansa da launinsa. Sannan a ɗora marar lafiya a sikeli, sikeli guda kullum, kafin ya karya, da kaya iri ɗaya. Ƙarin kilo ɗaya daga jiya zuwa yau ba ƙiba ba ce, lita ɗaya ce ta ruwa ta zauna. Jakar kuma kullum ƙasa da mafitsara take rataye, ba a ɗora ta a gado don fitsari zai koma ciki da ƙwayoyin cuta, ba a kuma yasar da ita a ƙasa.

Mai jinya mai lura ya fi ma'aikaci amfani a nan, domin shi ke wurin da tsakar dare lokacin da ƙishi ke sa marar lafiya magiya. Muna ba shi shawara ya sayi ɗan littafi da biro, ya ware kofi guda da aka san cikinsa, ya zuba ruwan yini a gora ɗaya tun da safe, in ta ƙare ta ƙare. Don ƙishi, a tsotsi ɗan ƙanƙara, a kurkure baki a zubar, a shafa Vaseline a leɓe. Lokacin dubiya ne lissafi ke rushewa. Wata gwaggo za ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta ga leɓe a bushe, tausayi ya kama ta, kafin a ankara an shanye kofi biyu.

Kayan dubiyar ma da kansu abin tsoro ne: ayaba, lemu, dabino. Duk cike suke da fotashiyam, shi kuma ƙoda ce ke fitar da shi. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. Da ya haura 5.5 mun fara shiri, in ya kai 6.5 maganar gaggawa ce, domin yana iya tsayar da zuciya alhali mutum na zaune yana hira, ba tare da wata alama ba sai ɗan sanyin jiki. A awon bugun zuciya na takarda ake ganin canjinsa. Ana fara yin allurar kalsiyam ta jijiya a hankali don kare zuciya, ita ba ta rage fotashiyam ɗin ko kaɗan. Sannan insulin yunit 10 tare da giram 25 na suga ta jijiya, a ƙara da shaƙar salbutamol, su kuma tura shi suke yi cikin ƙwayoyin jiki ya ɓuya na awa huɗu zuwa shida. Bai fita ba, zai dawo. Kuma da yake ƙoda ce ke share insulin daga jini, yakan daɗe yana aiki a jikin mai wannan ciwo, don haka ake auna suga kowace awa bayan allurar. Wanda ya fara gumi da rawar jiki ko surutai bayan awa biyu, suga ne ya faɗi.

A wannan tsakanin ake bin magungunansa ɗaya bayan ɗaya. Metformin na masu suga a dakatar, lisinopril da losartan da spironolakton na hawan jini a dakatar, duk wani maganin ciwon jiki in ba farasitamol ba a ajiye. Sauran, irin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a rage yawansu daidai da abin da ƙodar ke iya fitarwa. Sanadin ciwon kuma ana ta yaƙarsa: allurar atesunet ga zazzaɓi mai tsanani, wankin mahaifa in akwai abin da ya rage a ciki, ƙarin jini, maganin dafin maciji.

Ba tsayin lambar kiriyatinin kaɗai ke sa a yi wankin ƙoda ba. Abin da ke sa a yi shi ne fotashiyam da ya ƙi sauka, ruwa a huhu da ya ƙi jin Lasix, tsamin jini mai yawa wanda ake gane shi da dogon numfashi mai zurfi, ko dattin ya hau kai: shaƙuwa ba tsayawa, amai, ƙaiƙayi, barci mai nauyi, ruɗewa, fizge-fizge. A nan ne ake zama da iyali, kuma kusan kullum magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin babban gida.

"Sista, mu fa an ce mana duk wanda aka fara yi wa wanki, shi ke nan har ƙarshen rayuwa."

"Baba, wancan na masu tsohon ciwo ne. Ɗanku hoto ya nuna ƙodarsa da girmanta. Muna sa ran ta tashi, amma sai ya rayu ya kai lokacin."

Injin ɗan dako ne, yana ɗauke wa ƙoda kaya har ta huta, ba ya warkar da ita kuma ba ya sa ta lalaci. Wannan tsoron, da nauyin kuɗi, su ke sa a ce za a je gida a yi shawara, a kwana biyu ana shawarar, a dawo da mutum ba ya cikin hayyacinsa. Maganar kuɗi gaskiya ce: akwai na robar wanki, na gwaje-gwaje, na kowane zama. Abin da nake gaya wa iyali shi ne su tambayi likita kai tsaye ko na farat ɗaya ne ko tsohon ciwo, domin tara kuɗin 'yan zama kaɗan daban yake da ɗaukar ɗawainiyar shekaru. A cikin gari ana yin wankin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda tun 2002 yake dashen ƙoda, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa, da wasu asibitocin kuɗi.

Kafin a hau inji sai an yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki, saboda a san injin da za a ɗora mutum. Sannan a sa robar wanki, wata doguwar roba mai hanya biyu, a babbar jijiyar matsematsi ko ta wuya. Ana wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, a zura ta, a ɗinke ta da fata. Bakinta ɗaya ja ne, ɗaya shuɗi: ta jan ne jini ke fita zuwa matatar inji, ta shuɗin yake dawowa. Jinin da ke waje a kowane lokaci bai fi mililita 200 zuwa 300 ba, ba wai ana kwashe jinin mutum a canza masa wani ba ne, kamar yadda wasu ke zato.

Zaman farko gajere ne da gangan, kamar awa biyu, famfo na tafiya a hankali, mililita 150 zuwa 200 a minti. 'Yan uwa kan yi ƙorafin an biya kuɗi an yi rabin aiki. Dalilin shi ne in aka kwashe yuriya daga jini da sauri, wadda ke cikin ƙwaƙwalwa ba ta sauka da wannan saurin, sai ta ja ruwa ƙwaƙwalwar ta kumbura, a samu ciwon kai da amai, har da jijjiga. Washegari ko jibi a koma, a ƙara lokaci har ya kai awa huɗu. Abu na biyu da muke tsaro shi ne faɗuwar awon jini a kan inji. In aka yi zarin cire ruwa, jini ya sauka, ƙodar da ke ƙoƙarin tashi ta sake shan wani bugun, jinyar ta ƙara tsawo. Ana sa maganin hana daskarewar jini a cikin bututun, amma mai jego da ke zubar da jini ko wanda maciji ya sara ana yi musu ba tare da shi ba. In ana buƙatar ƙarin jini, a kan inji ya fi kyau a yi, don ya kwashe ruwa da fotashiyam ɗin da ke tare da jinin.

Robar wankin ita ce ƙofar da cuta ta fi shigowa. Ba a jiƙa ta, ba a buɗe filastar don a leƙa, ba a ƙarin ruwa ta cikinta don jijiyar hannu ta ɓace. Mai ta matsematsi ba ya durƙuso ko naɗe ƙafa, alwala da sallah sai yadda jiki ya ba da hali, kuma ba a son ta wuce kamar mako guda a wurin. Wanda ya kama rawar sanyi minti kaɗan bayan an kunna inji, robar ce abin zargi na farko, kuma sau da yawa sai an cire ta an sa wata.

Sai jira, wanda ya fi komai gajiyar da iyali. Matatun da ke cikin kowace ƙoda sun kai miliyan ɗaya, kuma wadda ta mutu gaba ɗaya ba ta dawowa. Amma a yawancin ciwon farat ɗaya shimfiɗar cikin bututun ce ke saɓulewa, ita kuwa tana sake tofowa, galibi cikin mako ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye. Ba allurar da ke gaggauta wannan. Aikinmu shi ne kada wani abu ya kashe mutum ko ya sake bugun ƙodar kafin lokacin ya yi. Wasu zama biyu ko uku ya ishe su, wasu sai sun yi makonni. Inda muke fargaba shi ne mai jegon da ta zubar da jini sosai kuma fitsari ya ɗauke ƙaf, ko ɗigo babu, kwana da kwanaki. A irin wannan wani lokaci ɓawon ƙodar ne ya mutu, kuma farfaɗowarsa kaɗan ce ko babu.

Abinci a wannan lokaci ba a hana shi, yunwa na sa jiki ya ci namansa, dattin ya ƙaru. Farar shinkafa, tuwon shinkafa ko na masara, taliya, ƙwai, ɗan kifi ko kaza. Furotin giram 0.8 zuwa 1 a kowane kilo, in ana wanki har 1.5, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne. Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali a yini, Maggi da kanwa da yaji da kilishi duk a lissafin gishiri suke. Zogale, alayyafo, kuka, tumatir mai yawa, wake da gyaɗa a jinkirta. Dankali da doya a fere, a yanka ƙanana, a jiƙa, a tafasa da ruwa mai yawa a zubar da ruwan.

Ranar da abin zai juya ba ta zuwa da hayaniya. Littafi ne ke nunawa: jiya 150, yau 300, gobe 700, jibi lita ɗaya da rabi, daga nan sai lita uku, huɗu, har biyar a kwana. Ɗaki ya cika da hamdala, a fara naɗe tabarma ana tambayar sallama. A gaskiya wannan mataki yana da nasa haɗarin, kuma an fi sakaci da shi. Matatar ta buɗe, amma sabbin ƙwayoyin bututun ba su iya mayar da ruwa da gishiri cikin jiki ba tukuna. Fitsarin fari ne tas, yawa gare shi ba ƙarfi, shi ya sa kiriyatinin kan ƙara kwana biyu ko uku a sama kafin ya fara sauka. Mutumin da aka yi mako biyu ana hana wa ruwa yanzu bushewa yake yi, fotashiyam ɗin da ake tsoron hawansa yanzu faɗuwa yake yi, ƙafafu su mutu, ciki ya kumbura, zuciya ta rikice. Sai dokar ta juye: a sha ruwa, a ci ayabar da aka hana, wani ma har a ba shi fotashiyam a magani. Mai jinyar da ya riƙe dokar makon jiya da ƙarfi yana iya jawo sabon rauni. Ba kuma a mayar da duk abin da ya fita cif-cif, don hakan na sa fitsarin ya ƙi raguwa. Ana mayar da kamar kashi biyu cikin uku, ana duba nauyi da awon jini a kwance da a tsaye, ana gwajin gishirin jini kullum. Dattijon da aka buɗe wa toshewa da roba ma yakan shiga irin wannan ambaliya tun ranar farko.

Don a san ko za a daina wanki, ba a kallon gwajin da aka yi bayan an sauka daga inji, wannan aikin inji ne. Wanda aka ɗiba kafin a hau shi ne shaida. In fitsari ya haura mililita 400 zuwa 500 ba tare da Lasix ba, kuma kiriyatinin na kafin wanki ya fara yin ƙasa da na zaman baya, sai a tsallake zama ɗaya a sake gwadawa bayan awa 48. In ya ci gaba da sauka da kansa, fotashiyam lafiya, numfashi lafiya, a cire robar. Marar lafiya na kwance a miƙe, a danne wurin minti 10 zuwa 15 da agogo, ya ƙara kwanciya kafin ya tashi. Robar fitsari ma a cire ta da zarar yana iya yi a jug da kansa.

Ranar sallama kiriyatinin bai cika komawa daidai ba, yana kan hanya ne. Muna rubuta wa mutum lambarsa mafi tsayi, da ta ranar fita, da sanadin ciwon, mu ce ya adana takardar ya nuna wa duk likita ko mai kemis da zai ba shi magani nan gaba. Zai dawo gwaji cikin mako ɗaya zuwa biyu, a nan ne likita ke duba ko za a mayar da maganin hawan jini da na suga, ba a gida ake mayar da su ba. Ciwon jiki farasitamol kawai, kada ya wuce giram 4 a kwana, ƙasa da haka ga ramamme. In amai ko gudawa ta kama shi, ruwan gishiri da suga tun daga farko, ƙullin kemis ɗaya a lita ɗaya, in babu a haɗa ƙananan cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kuma in fitsari ya ragu a zo a ranar. Azumi, na farilla ko na nafila, sai likita ya duba gwaji ya amince, musamman in ya faɗo a bazara. Mai jego kuma a yi maganar tazarar haihuwa da ita da maigidanta kafin su tafi, ciki na gaba kuma awo da haihuwa a babban asibiti.

Gwajin wata uku shi ne wanda aka fi gujewa, don a lokacin mutum ya koma kasuwa yana jin ƙarfi. A ranar ana auna kiriyatinin, da furotin a fitsari, da awon jini. Akwai tarko ɗaya a nan: kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, wanda kuma ya yi makonni a kwance tsokarsa ta zube, don haka lambarsa na iya yin kyau fiye da gaskiyar ƙodar, ta ɗan hau bayan ya murmure. Wanda komai nasa ya daidaita, gwaji sau ɗaya a shekara ya ishe shi, domin ƙodar da ta taɓa faɗuwa ta fi saurin sake faɗuwa, kuma hawan jini na iya biyo baya. Wanda kwana 90 suka cika lambarsa ba ta dawo ba, ko furotin na zuba a fitsari, an shiga lissafin ciwon ƙoda mai daɗewa, sai a buɗe masa kati a asibitin ƙoda, a kuma gargaɗe shi kada ya bari a riƙa huda jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi sosai, don nan ne za a haɗa jijiyar wanki ta dindindin in buƙata ta taso.